USC ko LSU: wace ce gaba a besbol na jami'o'in Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wato USC, da Jami'ar Jihar Luwiziyana, wato LSU, wace ce ta fi abin faɗa a besbol. Na daɗe ina bin su biyun, kuma zuciyata na wajen LSU. Amma bari in fara ba USC haƙƙinta.

In ƙirgen kofi ne, babu gardama. USC ta ci kofin ƙasa sau 12, har yau ba a kamo ta ba. LSU na da 8. Sai dai 11 daga cikin na USC a hannun mutum ɗaya suka zo, Rod Dedeaux, wanda ya horar da ƙungiyar daga 1942 zuwa 1986. Biyar ma a jere ya kwashe, 1970 zuwa 1974. A 1973 a Omaha, garin da ake buga gasar ƙarshe tun 1950, Dave Winfield na Minnesota ya hana su sakat da jifa, aka shiga zagaye na tara, wato na ƙarshe, ana cin USC 7 da nema. Suka farke, suka tashi 8 da 7. Daga gidan nan shahararrun 'yan wasa irin su Tom Seaver da Mark McGwire da Randy Johnson suka fito.

To bayan Dedeaux fa? Kofi ɗaya tak, a 1998, shi ma ta hannun Mike Gillespie, tsohon ɗan wasansa. Tun daga nan shiru.

Ita LSU a makare ta zo. Kafin Skip Bertman ya karɓe ta a 1984 ba ta taɓa taka Omaha ba, sai a 1986. Daga 1991 zuwa 2000 ya kawo kofi biyar Baton Rouge, garin da LSU take. Wanda ba na gajiya da kallonsa shi ne na 1996. Miami na gaba 8 da 7, zagaye na tara, an fitar da mutum biyu, saura ɗaya wasa ya ƙare. Warren Morris ya fito, yaron da aka yi wa aiki a hannu a kakar, wanda duk shekarar bai tsallakar da ƙwallo katanga ba ko sau ɗaya. Jifan farko ya ɗauke ta, ta wuce katangar dama da ƙyar. Maki biyu suka shigo, LSU ta ci 9 da 8. Ka ga 'yan Miami kwance rub da ciki a fili. Wallahi har yanzu tsigar jikina na tashi.

Abin da ya sa na zaɓi LSU shi ne Bertman ya sauka amma gidan bai mutu ba. Paul Mainieri ya ci a 2009, Jay Johnson ya ci a 2023 da 2025. Masu horarwa uku, kowa da kofinsa, kuma filin Alex Box na cika da 'yan kallo kowace kaka. A 2023 sun lallasa Florida 18 da 4 a wasan ƙarshe, bayan 'yan makonni kuma da manyan ƙungiyoyin ƙwararru suka zo zaɓen matasa, na ɗaya Paul Skenes, na biyu Dylan Crews, duk 'yan LSU.