Yadda wani sashen ƙashi a Kano ya yi jinyar ƙanwata bayan ƙwayoyin cuta sun shiga ƙugunta

Wata 7 bayan an yi wa ƙanwata, mai fama da sikila, aikin sauya gaɓar ƙugu da ta ƙarfe, sai wani ɗan rami ya buɗe a bakin ɗinkin yana tsattsafo da mugunya, ga raɗaɗin da ke hana ta runtsawa. Mun ɓata makonni muna sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kyamis, yau sauƙi gobe ciwo, kafin muka kai ta sashen ƙashi na wani asibiti a Kano.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a ranar farko shi ne abin da na fi yaba musu a yau. Likitan ya ce a dakatar da maganin na mako 2, domin idan yana jikinta ƙwayar cutar na iya ƙin fitowa a gwaji. Bayan nan aka yi gwajin CRP da ESR, masu nuna alamar kumburi, a jininta, aka zuƙo ruwan gaɓar da allura, aka gano ƙwayar cutar da ake kira Staphylococcus aureus. Ya zauna ya zana mana ƙugun a bayan takardar magani, yana cewa, “Malam, waɗannan ƙwayoyin yauƙi suke yi su manne wa ƙarfe, kuma ƙarfe ba shi da jijiyar jinin da za ta kai masa magani.” Da a makonnin farko bayan aikin ne, da wanke wurin zai iya wadatarwa, amma mun riga mun makara.

Saboda haka sau biyu ta shiga tiyata. A karon farko an cire ƙarfen, an saka madadinsa na siminti mai ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta na vancomycin, sannan ta yi mako 6 tana karɓar allura ta jijiya, ana duba ƙodarta duk mako. A karo na biyu aka saka mata sabon ƙarfe. Ma'aikatan jinya, Allah Ya saka musu, ba su taɓa wanke ciwon ba tare da sabon safar hannu ba.

Inda suka gaza shi ne wajen kuɗi. Ba a faɗa mana tun farko abin da aiki na biyu zai ci ba, sai da muka sayar da fili cikin gaggawa. Mai gashin ƙashi kuma sau ɗaya yake leƙowa a mako, alhali mara lafiyar da ta daɗe a kwance tana buƙatar fiye da haka.

Yanzu wata 5 ke nan da saka sabon ƙarfen, ɗinkin ya bushe, kuma tana zuwa Islamiyya da sanda ɗaya.