Jirgin KLM daga Amstadam zuwa Hambug: awa ɗaya a sama, sauran lokacin a ƙasa

Duk ɗan Nima ko Mamobi, unguwannin Akra a Gana, da zai je wurin 'yan'uwa a Hambug ta ƙasar Jamus a jirgin KLM, sai ya yada zango a filin jirgin Schiphol na Amstadam, a ƙasar Holan. Daga nan zuwa Hambug kusan kilomita 380 ne a sama, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Ƙananan jiragen Embraer na KLM Cityhopper ne suka fi yin wannan hanya, kujeru bibbiyu kowane gefe, babu wanda ake matsewa a tsakiya. Wannan ɓangaren ba shi da abin kushewa.

Inda aikin yake shi ne ƙasa. Jirgin Akra yana tashi da dare, ya kwana a sama wajen awa 7, ya sauka da sassafe, daidai lokacin da manyan jirage daga ko'ina suke zubo da fasinjoji. A Schiphol ake duba fasfo da biza, ba a Hambug ba, domin nan ne ka fara taka yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya da ba a saba duba fasfo a tsakaninsu ba. Layin waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba yakan yi tsawo, ga tafiyar ƙafa mai nisa zuwa ƙofar ƙaramin jirgin, wani lokaci ma sai an ɗebe ku a bas. Ejan zai iya ba ka tikiti mai ratar awa ɗaya tsakanin saukar jirgin Akra da tashin na Hambug, kuma kamfani ya yarda da shi, amma ga tsoho ko mai yara ƙanana, kada ratar ta gaza awa 2. A lura da agogo kuma: Holan tana gaban Gana da awa 1 a lokacin sanyi, awa 2 a lokacin zafi.

Ka sayi tikiti ɗaya daga Akra har Hambug. Haka kayanka za su wuce kai tsaye, idan kuma jirgin farko ya makara, kamfani ne zai sa ka a na gaba. Mai tikiti biyu daban, don neman rangwame, idan ya rasa na biyu to kuɗinsa sun tafi.

Akwatin hannu babba ba ya shiga ma'ajiyar saman ƙaramin jirgi, sau da yawa a bakin jirgi ake karɓarsa. Don haka magani, caja da takardu su zauna a ƙaramar jaka. Kilishi da wagashi kuwa a bar su gida, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara, kwastan na Hambug za su ƙwace. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20.

Da ka fito, jirgin ƙasa S1 yana ƙarƙashin filin, minti 25 ya kai ka babbar tashar Hambug.