Kalkuletar Casio fx-991ES Plus: shekara biyu ina koyarwa da ita

Ina koyar da lissafi da yamma a zauren gidanmu da ke Ƙofar Kaura, yawancin yarana 'yan aji biyu da aji uku ne na babbar sakandare masu shirin WAEC da NECO. Iyaye da yawa suna tambayata wace kalkuleta za su saya, don haka bari in faɗi abin da na gani.

Tawa a Babbar Kasuwar Katsina na saye ta, bayan wata ƙarama da na daɗe ina fama da ita. Abin da ya sa na ƙaunace ta abu ɗaya ne: ba ta gaggawar yanka lamba. In ka danna √8, sai ta ba ka 2√2, a rubuce kamar yadda yake a littafi. Ka ba ta √8 + √18, ta ce 5√2. Ka ba ta 1 bisa √2, ta mayar maka √2 bisa 2. In kana son adadi mai ɗigo, akwai maɓallin S⇔D, dannawa ɗaya ne.

Ga dalilin da ya sa wannan ya dame ni haka. Wata yarinya cikin ɗalibaina, mai ƙoƙari ƙwarai, ta taɓa ce mini, "Malam, ai √2 shi ne 1.414." Na ce ta ninka 1.414 sau 1.414. Ya fito 1.999396. Na ce to danna √2 sau √2. Ya fito 2 cif. Ta yi shiru tana kallon gilashin, can ta ce, "Ke nan akwai saura." Wallahi ranar na ji daɗin sana'ata. Akwai saura, kuma sauran ba ya ƙarewa, ba ya kuma maimaita kansa. Shi ya sa ba yadda za a yi a rubuta √2 a matsayin wata cikakkiyar lamba bisa wata. Ɗaya bisa bakwai kuwa, duk da shi ma bai da ƙarshe, 142857 ne ke ta zagayowa. Haka muka gwada 22 bisa 7, ya ba da 3.142857143, π kuma 3.141592654. Yaran da suka taso tun firamare suna ɗauka abu ɗaya ne suka ga bambancin tun daga lamba ta uku bayan ɗigo.

Sai dai a nan ma iyakarta take. Lamba goma take nunawa. Ɗaya bisa bakwai zai fito 0.1428571429, √2 kuma 1.414213562, duka a yanke, don haka gilashin kaɗai ba zai gaya wa yaro wace ce mai maimaituwa ba. Wannan aikin alli da allo ne. Kuma in rut daban-daban suka kai uku, kamar √2 + √3 + √6, ko ka ba ta irin √1001, sai ta koma adadi mai ɗigo. Sannan amsa take bayarwa, ba ta nuna hanya, alhali mai makin jarrabawa hanya yake bi yana ba da maki. Ni dai dokata a zaure, sai ka gama da hannu kafin ka taɓa ta ka duba.

Wajen ƙarko ban da ƙorafi. Tana aiki da hasken rana da ƙaramin batir, har yau ban canza ba, kuma murfinta na kare maɓallan daga ƙurar hunturu.

Jabu ne matsalar, kuma sun cika gari. Wani yarona ya zo da wadda babansa ya sayo masa a wani shago da araha, maɓallan na maƙalewa, rubutun jikinta ya goge kafin zango ya ƙare. Tausayin uban na ji, don na san da ƙyar ya haɗa kuɗin. Yanzu duk wanda zai saya, ce masa nake ya zo mu je tare ranar Asabar, in danna da hannuna kafin ya biya.