Kafin Ka Biya Kuɗin Antibodin RAGE, Ka Tanadi Huhun Ɓera

Duk mai bincike a kan ciwon suga da ɓarnar da yake yi wa ƙoda da ido da jijiyoyin jini, ko ba jima ko ba daɗe zai yi kiciɓis da RAGE. Furotin ne da ke zaune a fatar tantanin jiki, aikinsa karɓar saƙo daga waje. Idan suga ya daɗe yana yawo a jini fiye da kima, yakan manne wa furotin da kitse, ya haifar da abubuwan da ake kira AGE. Su ne ke zuwa su kama RAGE, shi kuma ya zuga NF-κB, wani furotin mai kunna kumburi, a can cikin tantanin, kumburi ya kankama. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne NF-κB ɗin yakan juyo ya sa a ƙera ƙarin RAGE, wuta ta riƙa hura kanta. Ba AGE kaɗai yake karɓa ba, har da wasu furotin irin su HMGB1 da dangin S100 da amiloid-beta na cutar Alzheimer. A 1992 ne Ann Marie Schmidt da David Stern da abokan aikinsu na Jami'ar Columbia a Amurka suka zaƙulo shi, kuma daga huhun shanu suka fitar da shi. Ka riƙe maganar huhun nan da kyau.

Ba a ganin RAGE da ido, sai an aika antibodi ya nemo shi, wato furotin na garkuwar jiki da ke manne wa abu ɗaya takamaimai. To wanne za ka saya? Ka rubuta sunan a shafin kowane kamfani, za su zubo maka fiye da yadda za ka iya karantawa, kowanne da hotonsa mai ɗaukar ido.

Fara da suna. Ƙwayar gadon da ke ƙera RAGE ɗinmu sunanta AGER, tana kan kuromosom na 6. Akwai wata daban mai suna MOK a kan kuromosom na 14, wadda ita ma a da ake kiranta RAGE saboda alaƙarta da kansar ƙoda. Babu abin da ya haɗa su sai haruffa huɗu. Kama da wane ba ta wane. In ba ka ga AGER a takardar bayanin kayan ba, rufe shafin.

Iri uku ne a kasuwa. Polikulonal shi ne wanda aka tace daga jinin zomo ko akuya bayan an yi musu allura. Yana da araha, yana ba da kala mai ƙarfi, amma ranar da jinin dabbar nan ya ƙare, abin da za a sayar maka da lambar kaya ɗaya wani abu ne daban. Ni na gama da shi. Monokulonal na ɓera, wanda ake samu ta hanyar da Köhler da Milstein suka ƙirƙiro a 1975, ya fi shi nutsuwa, sai dai wani nazari na 2018 a kan tantanai iri 185 masu ƙera irin wannan antibodi ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku suna fitar da ƙarin sarƙoƙin da ba a san da su ba. Ga kuma matsalar da ta fi shafarmu: mafi yawan aikinmu a kan ɓeraye ne, kuma idan ka sa antibodin ɓera a naman ɓera, antibodi na biyu, wanda ake sawa don ya kama na farkon ya fito da kala, zai kama na jikin dabbar ma, gilashinka ya cika da dauɗa.

Na ukun shi ne nawa: rikombinan na zomo. A nan an karanta tsarin antibodin an ajiye shi a rubuce, duk lokacin da ake buƙata sai a sa tantanai su ƙera shi daga wannan rubutu. Kwalbar da ka saya bana da wadda ɗalibinka zai saya bayan shekara biyar uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ga wanda kuɗin bincikensa ke zuwa guntu-guntu, ya sayi kwalba ɗaya yau, ta biyu sai an sake sakin kuɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba za ka wayi gari rabin ɓerayenka an auna su da mudu ɗaya, sauran da wani mudun ba. Kasancewarsa na zomo kuma ya raba ka da rigimar ɓera a kan ɓera.

Ba son zuciya kaɗai ba ne. Ƙungiyar YCharOS da ke Jami'ar McGill a Kanada ta wallafa sakamako a 2023 bayan ta gwada antibodi 614 a kan furotin 65, ta hanyar kwatanta tantanai masu furotin da waɗanda aka cire musu shi gaba ɗaya. A gwajin Western blot, inda ake jera furotin bisa nauyinsu kowanne ya fito a matsayin zane, kashi 67 cikin ɗari na rikombinan sun ci, monokulonal 41, polikulonal 27. Ka lura fa, ko gwanin nawa ɗaya cikin uku ya faɗi. Shi ya sa kalmar rikombinan ita kaɗai ba ta isa in zaro kuɗi ba. Sai na ga hoton da ke nuna layi biyu gefe da gefe: nama mai AGER ya ba da zane a wajen nauyin kilodalton 45 zuwa 55, wanda aka cire wa AGER kuma ya fito fes babu komai. In zanen ya fito biyu kusa da juna a wannan wurin, ba abin tayar da hankali ba ne, domin RAGE na ɗauke da sarƙoƙin suga da ke sauya masa nauyi. In kuwa hoton an datse shi sama da ƙasa, an bar maka ɗan siririn zane kawai, to akwai abin da ba a so ka gani. Manyan kamfanoni irin su Abcam da Cell Signaling Technology da Thermo Fisher da Proteintech duk suna da layin rikombinan. Ban ce ka bi sunan kamfani ba, shaidar kwalbar za ka bi.

Sai tambayar da 'yan kaɗan ke yi: wane ɓangare na RAGE antibodin yake kamawa? Furotin ɗin yana da dogon kai a waje mai sassa uku, V da C1 da C2, da ɗan gajeren wutsiya a cikin tantani. Wasu furotin masu aikin almakashi irin su ADAM10 sukan yanke kan ya faɗa cikin jini, akwai kuma wani nau'in da tun asali ake ƙera shi babu gindin zama. Waɗannan masu yawo ana kallonsu a matsayin tarko, suna tsare AGE kafin ya isa ga na jikin tantani. Antibodin da ke kama kai zai haɗa maka mai hura wuta da mai kashe ta a lissafi ɗaya. Mai kama wutsiya ba zai ga na cikin jini ba sam. In jini za ka auna, kayan ELISA kake buƙata, wato na auna yawan furotin a cikin ruwa, kuma ka tabbatar ko jimillar masu yawon yake aunawa ko nau'i ɗaya. Ka san tambayarka kafin ka shiga kasuwa.

Na koyi wannan duka ne da tsada. Shekarun baya ina aiki a kan ƙodar ɓerayen Wistar da muka sa wa ciwon suga da streptozotocin. Wani dillali ya kawo mini antibodi a ƙasa da rabin kuɗin da na gani a intanet, ya ce ragowar odar wata jami'a ce. Ƙaramar kwalba ce mai jan murfi, a cikin leda, kusa da jakar ƙanƙarar da ta riga ta zama ruwan ɗumi. Gilasan farko da na ɗora a madubin ƙara girma sun yi kyau har sai da na kira abokan aiki su gani: bututun ƙoda duk sun rine da ruwan ƙasa-ƙasa, ɗas. Wata takwas na yi ina ƙirga, ina cika tebur. Ranar da wata babbar malama ta zauna ta duba, ba ta ɗauki minti biyu ba ta ɗago ta ce, "Malam, ina huhunka?" Na ce, "Ranki ya daɗe, ai ƙoda nake yi." Ta ce, "Na sani. Je ka yanko huhu ka kawo mini."

A jikin baligi mai lafiya, huhu ne gidan RAGE. Tantanan da suka shimfiɗe a bangon jakunkunan iska cike suke da shi, sauran gaɓoɓi kuwa kaɗan suke da shi sai cuta ta taso. Antibodin gaskiya dole ya haska huhu fiye da ko'ina. Nawa ya bar huhun fari tas. Da muka sake yin ƙodar ba tare da sa antibodin farko ba kwata-kwata, kalar nan ta fito yadda take. Biotin ne, wani bitamin na jikin ƙodar kanta, yake kama sinadarin rinin. Kallon kitse na yi wa rogo wata takwas, ɓeraye arba'in suka tafi a banza. Har yau in na tuna da dabbobin nan raina yakan ɓaci.

Don haka nake ɗaga murya a kan jabu. Ba a nan kaɗai ake yi ba. Mujallar Nature ta ba da rahoto a 2017 kan yadda abin ya yi ƙamari a Sin, inda wani jami'in cibiyar bincike a Bejin ya shiga shagon ɗab'i ya tarar ana buga takardun manne na manyan kamfanonin antibodi. Ana tsinto kwalaben da aka zubar a shara a sake cika su. Ana tsinka kwalba ɗaya ta zama biyar. Mafi muni, ana zuba antibodi mai araha na wani furotin da nauyinsa ya yi kusa da wanda kake nema, don zane ya fito maka a daidai inda kake jira. Wane ɗalibi ne zai yi zargin zanen da ya zo inda littafi ya ce zai zo?

Ga wata dabara kuma. Tsofaffin takardun bincike da yawa sun yi amfani da polikulonal na akuya daga Santa Cruz Biotechnology. A 2016 kamfanin ya amince ya biya tarar dala miliyan 3.5 bayan ma'aikatar noma ta Amurka ta zarge shi da rashin kula da dabbobinsa, daga nan ya daina wannan layin. Idan mai duba aikinka ya miƙo maka tsohuwar takarda ya ce ka nemo irin wanda suka yi amfani da shi, wani dillali kuma ya ce yana da shi sabo fil, ka tambaye shi daga ina. Ka nemi lambar rukunin da aka ƙera kwalbar, ka aika wa kamfanin da kanka ta imel, su tabbatar maka tasu ce kuma mutumin wakilinsu ne. Sukan amsa. Dillalin da ya ji haushin wannan tambaya ya riga ya ba ka amsa. Haka kayan ELISA masu arahar banza da ba su faɗi antibodin da ke ciki ba, ko kallonsu kada ka yi. Yawan takardun da suka ambaci kaya ma ba hujja ba ce: a 2017 masu bincike a Suwidin sun gwada antibodi 13 na mai karɓar saƙon estrogen nau'in beta, ɗaya tak ya tsaya a kan abin da aka aike shi, kuma waɗanda aka fi ambato suna cikin waɗanda suka faɗi.

Ƙanƙarar da ta narke a hanya ba ita ce babbar damuwa ba, antibodi yakan jure 'yan kwanaki. Abin da ke kashe shi a wurinmu shi ne firiza mai daskarewa da narkewa duk lokacin da aka ɗauke wuta. In akwai zaɓi, ɗauki wanda aka haɗa da gilisarol kashi 50, ba ya daskarewa a awo 20 ƙasa da sifili. In babu, ranar da ya iso ka rarraba shi cikin ƙananan kwalabe, kowace ta aiki ɗaya.

Kuɗi kuwa, kwalbar mikrolita 100 ta rikombinan takan ci ɗaruruwan daloli kafin a zo maganar jigila da kwastan, kuma na san abin da hakan ke nufi in an mayar naira. Sayen nagari mai da kuɗi gida. Kamfanoni da dama na sayar da ɗan ƙaramin awo na gwaji, mikrolita 10 ko 20. Ku haɗa kuɗi ku uku ku sayi iri biyu masu kama ɓangarori daban-daban. Ka duba takardar ta ambaci nau'in ɓeranka, domin na Wistar daban, ƙaramin ɓera daban, ta kuma ambaci irin gwajin da za ka yi, tunda wanda ya ci Western blot yana iya kasawa a naman da aka jiƙa a fomalin. Satin da ya iso, gilashi uku za ka fara yi: huhu, ƙodarka, da ƙodar da ba a sa wa antibodin farko ba. Ka ɗauki hotunan, ka rubuta lambar kaya da lambar rukuni da lambar RRID, wato lambar shaidar da ake ba kayan bincike, a shafin farko na littafin aikinka. In huhu bai haska ba, tura wa kamfanin hotunan nan take tun wa'adin garanti bai wuce ba, kada ka taɓa ko ɓera ɗaya daga cikin na gwajinka.