Creon 25000 ga mai ciwon fankiriyas: yana gyara narkewar abinci, ba ya kashe zafi

Idan abokinka yana fama da daɗaɗɗen kumburin fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da sinadaran narkar da abinci), yana ramewa, bayan gidansa mai maiƙo ne mai wari, Creon 25000, ƙwayar da ke maye gurbin waɗannan sinadarai, ya cancanci kuɗinsa, ko da yake yana da tsada a kemis-kemis na Legas. Likitoci kan fara da ƙwaya 2 a babban abinci, 1 a ɗan abin taɓawa. A haɗiye shi da lomar farko, kada a tauna: rufin ƙananan ƙwayoyin da ke ciki ne ke kare su daga asid na ciki. Wanda ya sha bayan ya daɗe da gama cin tuwo ya yi asara. Zafi ma yana lalata shi, don haka kada a saya a teburin da rana ke duka a Agege ko Mile 12, kuma a duba lambar NAFDAC.

Daga fankiriyas na alade ake yin sa. Malamai da yawa sun halatta saboda larura, amma a sanar da mara lafiya ya tambayi malaminsa.

Inda ya gaza shi ne zafin ciwo. Wanda jikinsa ya saba da tramadol saboda zafin ciwon ba zai samu sauƙi daga Creon ba. Kada ka ƙwace masa ƙwayoyin tramadol ɗin lokaci guda. Zufa, gudawa da rashin barci za su mayar da shi wurin masu talla. A hankali likita ke ragewa. Ka raka shi LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba mai sashen masu shaye-shaye. Sigari da giya kuwa dole su tafi, domin suna ƙara cin fankiriyas.