Maganin maleriya ga ƴan makaranta: a ba kowa, ko a fara gwada jini?

Inda maleriya ta yi katutu, yara da yawa masu shekara 5 zuwa 15 na ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da zazzaɓi ba. Tana rage musu jini a hankali, sauro kuma na kwasa daga jikinsu ya kai wa ƙannensu.

Hanya ta farko ita ce a gwada jinin kowane ɗalibi, a ba wanda aka samu da cutar magani. Magani ba ya tafiya a banza. Sai dai gwajin gaggawa kan kasa gano ƙwayar idan ba ta da yawa, wanda aka sallama ba magani kuwa, sauro na iya harbinsa a daren nan.

Ta biyu, a ba kowa cikakken magani lokaci-lokaci, ba gwaji. Yana wanke abin da ya ɓuya, ya kuma kare yaro na wasu makonni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan a 2022, da sharaɗin kada ya ci kason ƴan ƙasa da shekara 5.

Ni ta biyun na zaɓa, muddin ana sa ido kada ƙwayar ta saba da maganin.