Jirgin ƙasa na cikin gari ko bas mai layinta: ina kuɗin ya kamata ya fara shiga?

Malam, ka tambaya idan jiha ta samu kuɗin manyan ayyuka na sufuri, ko na rance ko na kasafi, wanne ya fi, ta shimfiɗa jirgin ƙasa na cikin gari irin na Legas da Abuja ko kuwa ta zuba su a manyan bas masu layinsu na musamman da ake ce wa BRT, kuma ka ce Kano kake hange. Toh ni dai a nawa ganin bas ce farko, amma fa ba sayen motoci nake nufi ba, nan ne ma mutane ke yawan kuskure. Bari in jera maka su gefe da gefe, tunda Legas ta yi duka biyun kuma hukuma ɗaya ce ta yi su, LAMATA, ba sai mun je nesa neman misali ba.

Mu fara da lokaci. BRT ta Legas ta fara ɗaukar fasinja a watan Maris 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, kuma daga tsarawa zuwa fara aiki bai fi wata 15 ba. Jirgin Blue Line kuwa tun zamanin Fashola aka ba da kwangilarsa, wajen 2009, amma sai ranar 4 ga Satumba 2023 fasinja na farko ya biya kuɗinsa ya hau, kuma kilomita 13 ne kawai daga Marina zuwa Mile 2 cikin 27 ɗin da aka tsara za su kai Okokomaiko. Fashola ya gama, Ambode ya zo ya tafi, sai a hannun Sanwo-Olu aka buɗe. Yaron da aka sa a firamare lokacin da aka fara haƙa ya isa shiga jami'a kafin jirgin ya motsa. Kuma wannan Legas ce fa, jihar da ta fi kowace tara haraji a ƙasar nan, ba jihar da ke zaman jiran kason Abuja duk ƙarshen wata ba.

Sai kuɗin gini. Layin BRT ɗin farko ya ci kusan dala miliyan 1.7 a kowace kilomita. Jirgin Abuja da aka buɗe a Yuli 2018 ya ci kusan dala miliyan 823 a kan kilomita 40 da 'yan kai, miliyan 500 daga ciki rance ne daga bankin Exim na Chaina, kaga kenan kowace kilomita ta haura dala miliyan 18. Na san wani zai ce ai ba shekara ɗaya aka yi su ba, kuma BRT ɗin Legas ta farko mai sauƙi ce, shinge ne aka ɗora a kan titin da yake nan dama aka yi rumfunan jira, gaskiya ne wannan, amma ko ka ninka kuɗinta sau uku ko huɗu don ka yi mai kyau sosai, har yanzu da kuɗin layin jirgi ɗaya za ka iya yi wa manyan titunan gari da dama layin bas. Talaka kuma ba hanya ɗaya yake bi ba.

Inda jirgi ya yi wa bas fintinkau shi ne ɗaukar jama'a da daɗewa. Jirgi ɗaya mai taragai zai kwashe ɗaruruwan mutane a tashi guda da direba ɗaya, babu danja, babu mai adaidaita da zai shigo masa gaba, babu jami'in da zai tsare shi, kuma tarago in ana kula da shi yana shekara 30 ko fiye, ita kuwa bas a kan titunanmu da lodinmu in ta yi 10 sai a gode Allah. Ga ƙasa kuma, layin bas sai an ƙwace wa masu motoci wani ɓangare na titi, jirgi kuwa in an ɗaga shi sama kamar yadda aka yi wa Blue Line a wajen Marina ba ya taɓa titin kowa. Don haka in hanya ta cika maƙil da mutane safe da yamma har bas ba ta iya kwashewa ko ana sako su a jere, toh babu gardama jirgi ne maganinta. Abin tambaya shi ne hanyoyi nawa ne a garuruwanmu suka kai wannan matsayin. Bogota ta ƙasar Kolombiya da bas take kwashe sama da mutum 30,000 a awa ɗaya ta ɓangare guda a layin BRT ɗinta mai suna TransMilenio da ta buɗe a 2000, ita ma BRT ɗin Legas a shekarunta na farko tana ɗaukar kusan mutum 200,000 a rana. Kafin bas ta gaza akwai tafiya mai nisa.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya sosai, abin da ke faruwa bayan an gama kaɗe-kaɗen ranar buɗewa kowa ya watse. Sayen doki ba shi ne wahala ba, harawarsa ce kullum. A nan su biyun duk suna mutuwa, sai dai kowanne da irin mutuwarsa. Jirgin Abuja bai cika shekara biyu yana aiki ba korona ta zo a 2020 aka tsayar da shi, daga nan shiru, ɓarayi suka bi suka kwashe wayoyi da kayan sigina, bashin Chaina kuwa bai san an tsaya ba yana nan yana jira, sai 29 ga Mayu 2024 aka sake buɗe shi bayan an sake zuba wasu kuɗin gyara, har da gina hanyoyin da za su kai mutum tashoshin, wanda ka ji wannan ka san tun farko an yi tasha ba a yi tunanin ta ina fasinja zai zo ba. Na Addis Ababa a Habasha ma haka, an buɗe 2015 da dala miliyan 475 da jirage 41 ana ta yabo shi ne irinsa na farko a Afirka kudu da Sahara, 'yan shekaru kaɗan da yawa daga cikin jiragen suka koma gareji suka kwanta saboda babu kayan gyara, su kuma kayan da dala ake sayensu, fasinja kuwa da kuɗin gida yake biya. Mu ma wannan ramin yana gabanmu, duk wanda ya ci bashin dala tana wajen naira 460 a farkon 2023 ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500 ya san abin da nake faɗa, kuɗin tikiti ba zai taɓa bin wannan gudun ba.

Ita bas mutuwarta a hankali take zuwa, ba a ma sanarwa. Yau guda biyu sun tsaya babu taya, gobe uku babu batir, a cire kayan wannan a sa wa waccan, kafin shekara huɗu sai ka leƙa gareji ka ga gawarwaki a jere. Duk wanda ya zauna Abuja ya san manyan bas ɗin da ake ce wa na El-Rufa'i da yadda suka yi ta raguwa a titi. Motocin farko na BRT ɗin Legas, waɗanda ƙungiyar direbobi ta NURTW ta karɓi rancen banki ta saya, su ma sun gaji, sai a 2015 da aka miƙa layin zuwa Ikorodu aka kawo kamfanin Primero da sababbin motoci. Bambancin kawai shi ne in bas 20 suka mutu cikin 100 sauran suna tafiya, kuma bakaniken Kofar Ruwa zai iya buɗe injin dizal ya gane kansa, jirgin lantarki kuwa in sigina ta lalace ko wuta ta ɗauke layin gaba ɗaya ne ya tsaya, shi ya sa ma Legas sai da ta nema wa Blue Line wutarsa daban. Dar es Salaam ta Tanzaniya ta yi BRT mai kyau a 2016, sai ta gina babban garejin a Jangwani, kwarin da ruwa ke malala duk damina, ambaliya ta riƙa shiga tana lalata motoci. Gareji fa, abin da babu gwamnan da ke zuwa ɗaukar hoto a gabansa.

Shi ya sa na ce ba sayen motoci nake nufi ba. Bas ba tare da layinta ba adaidaita ce babba, gosulon da ya riƙe kowa ita ma zai riƙe ta, har ta fi su wahala saboda ba ta iya kurɗawa. Mun gani a Kano da aka kawo bas ɗin Kanawa a ƙarshen mulkin Ganduje, motoci dai ga su nan sababbi, amma titi ɗaya suke bi da kowa. Abin da ke sa mai sana'a ya bar adaidaita ya tsaya jiran bas shi ne ya tabbata za ta zo cikin 'yan mintuna kuma za ta riga ta isa, wannan kuma shinge ne ke kawo shi da jami'an da za su hana kowa shiga layin, har da masu jiniya. In ba za a iya hana mai jiniya ba gara a bar kuɗin a aljihu.

Akwai kuma maganar inda layin ya dosa, wadda ta fi nau'in abin hawan muhimmanci. Ma'aikatan Abuja da safe daga ina suke kwararowa? Nyanya, Mararaba, Masaka, wannan hanyar ta Keffi da kowa ya san azabarta. Jirgin kuwa ya tashi daga tsakiyar gari ya bi Idu ya tafi filin jirgin sama, reshe ɗaya ya nufi wajen Kubwa. Wani ɓangare na matsalar shi ne Mararaba jihar Nasarawa ce, mutanen suna kwana a wata jiha suna aiki a wata, toh wa zai biya? Legas ma jirginta na biyu, Red Line, a Agbado ya tsaya, bakin jihar Ogun. Kano a nan ta yi sa'a, ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye duk ƙarƙashin gwamna ɗaya suke, wanda ke fitowa daga Ungogo ko Kumbotso zuwa Kwari da Singa da Sabon Gari ba ya tsallaka iyakar kowa.

Siyasar ma ba ɗaya ba ce. Jirgi masu gidaje da shaguna yake taɓawa, rusau da diyya, a biya sau ɗaya a wuce in an biya da gaskiya. Bas mai layi kuwa abincin mutane take taɓawa kullum. Tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013 adaidaita sahu ce ke ɗauke da garin, dubban matasa da masu ba su balas da 'yan kamasho duk a nan suke ci, ka ce za ka ƙwace musu titin Zariya ko na Katsina ba tare da ka zauna da su ba, ka jawo yajin aiki ne kawai, kuma mun ga yadda gari ke tsayawa cik duk ranar da suka ajiye mashinansu. Dabarar Legas a 2008 ita ce ta sa ƙungiyar direbobin ta zama ita ce mai motocin. A Kano ma sai dai a bi irin wannan, adaidaita ta riƙa kwaso mutane daga lunguna tana kawowa tasha, tunda babu babbar bas ɗin da za ta shiga cikin Kurmi ko Jakara, wannan aikin nasu ne har abada.

Toh in ni aka ba alƙalamin, ga yadda zan kasa kuɗin. Kafin komai a ƙirga mutane, a san wace hanya ce ta fi ɗaukar jama'a da wane lokaci, wannan kuɗinsa kaɗan ne amma shi ake tsallakewa. Sai titin kansa, layi mai shinge da kwalbati da magudanar ruwa da wurin tsallakawar masu ƙafa a kan hanya ɗaya ko biyu, ba goma ba. Sai gareji a kan tudu da kanikawa da aka horar da rumbun kayan gyara, da wani asusu da doka ta kulle na sauya motoci in sun tsufa. Katin biya irin Cowry na Legas ya biyo baya don kuɗin ya daina zubewa a hannu. Motocin su ne na ƙarshe, kuma ko 'yan kasuwa za su iya sayensu in sun ga layin na gaske ne, kamar yadda Dakar ta yi da bas ɗinta masu lantarki a 2024, gwamnati ta gina hanya kamfani ya kawo motoci.

Jirgin fa ban ce a manta da shi ba. A 2016 an sa hannu kan yarjejeniyar jirgin cikin garin Kano ta dala biliyan 1.85, har yau babu wanda ya hau, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi suna da ikon yin layin dogonsu, don haka maganar za ta yi ta dawowa duk kakar zaɓe. Abin da za a iya yi masa yanzu da kuɗi kaɗan shi ne a killace masa hanya a hana gini a kai. Duba Red Line, an fara aikinsa a 2021 ya fara ɗaukar fasinja a Oktoba 2024, kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, ya ninka Blue Line tsawo amma ko kusa bai ci lokacinsa ba, dalili kuwa ya bi hanyar layin dogon tarayya da take nan a buɗe. Kano ma tsohon layin dogo ya ratsa ta, ga sabon na Kaduna da na Maraɗi ana kan yi, gefensu ne ya kamata jiha ta sa ido tun kafin a yanka shi filoti a sayar.